Yadda za a sa fitilu da hita su riƙa kunna kansu a gidan da ake ɗauke wuta

"Assalamu alaikum, Injiniya. Ina zaune a Jos da iyalina da mahaifiyata. Fitilun waje na gidana sukan kwana su wuni a kunne saboda ba mai tunawa ya kashe, hitar banɗaki ma haka, musamman da hunturu, ga katin mita ba ya kai mu ƙarshen wata. Na sayi taima, abin nan mai kunna wuta da kashe ta a lokacin da aka saita, irin wadda ake sakawa a soket, amma bayan 'yan kwanaki sai ta koma kunna fitila da rana tsaka. Wani abokina a Abuja ya ce akwai tsarin da wayar hannu ke gane ka fita ta kashe komai, in ka dawo ta kunna. Wanne ya fi dacewa da ni, taima ko na'urar da ke gane akwai mutum? Ina da ƙaramar inbata mai batir biyu."

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Abin da kake nema shi ne kayan wutar gidanka su yi aiki a lokacin da ya dace, kuma sai in da mai buƙatarsu. Ka sa taima da na'urar gano mutum a ma'auni kamar dole a ɗauki ɗaya a bar ɗaya, alhali kowacce da aikinta. Tsarin da na fi amincewa da shi shi ne agogo ya ba da izini, motsin mutum ya kunna, taima kuma ta kashe bayan an bar wurin. Sai dai kafin ka sayi komai akwai tambayar da ya kamata ka yi wa kowace na'ura: in aka ɗauke wuta aka dawo da ita, me za ta yi? Yawancin waɗannan kayan an tsara su ne don ƙasashen da wuta ba ta yankewa, kuma galibin ƙorafin da ake kawo mini daga nan yake tasowa.

Abin da ya sami taimar da ka saya

Daga bayaninka, taimarka irin mai faifai ce, wadda ke da ƙananan haƙora kewaye da ita, kowane haƙori na minti 15. A cikinta akwai ɗan ƙaramin inji da ke juya faifan zagaye ɗaya a awa 24, kuma da wutar soket yake juyawa. In an ɗauke wuta na awa uku, faifan ya tsaya cak, agogonta ya koma baya da awa uku. Gobe a ɗauke na awa biyar, ya zama takwas. Cikin mako guda sai ka ga ƙarfe bakwai na yammarta ya faɗo a tsakar rana. In kuma an tayar da janareta, wata matsalar ce daban, domin injin nan yana ƙirga lokaci ne da bugun wutar, wanda ya kamata ya tsaya a 50 cikin daƙiƙa, ƙaramin janareta kuwa bai cika tsayawa daidai a kan 50 ba. Taimar lafiyarta ƙalau, yanayin wutarmu ne bai karɓe ta ba.

Wadda za ta yi maka ita ce mai allon lambobi da ɗan batir a ciki, wanda ke riƙe agogo ko babu wuta. Akwai ta soket, akwai wadda ake ɗaurawa a cikin akwatin rarraba wuta kusa da bireka, kuma ita na fi so. In ka je saye, ka sa mai shago ya jona ta, ka saita agogo, ya cire, ka ga ko lambobin na ci gaba da tafiya. Batirin nan yakan gaji bayan 'yan shekaru. Ranar da ka ga allon ya mutu da zarar an ɗauke wuta, lokacin canji ya yi.

Ko da wannan ɗin, agogo kaɗai bai isa ga fitilun waje ba. Kai da kanka ka san yadda lokacin Magariba ke tafiya a Jos: a watan Nuwamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida, a Yuli kuwa sai bakwai saura kusan minti goma. Duk lokacin da ka tsayar a taima, zai yi daidai a wasu watanni ya kuskure a wasu. Maganin wannan shi ne fotosel, ɗan abin nan mai araha da ke duba hasken gari, ya kunna in duhu ya yi, ya kashe in gari ya waye. Ba ruwansa da agogo, don haka ɗauke wuta ba ya rikita shi. A ɗaura shi inda yake kallon sama, kuma hasken fitilar da yake kunnawa bai faɗa masa ba, in ba haka ba zai riƙa kunnawa yana kashewa har gari ya waye. Da hunturu a riƙa goge masa ƙura. Da damina, in hadari ya haɗu da la'asar zai iya kunnawa da wuri, wannan kuma ba laifi ba ne.

Yadda nakan haɗa wa mutane shi ne a raba fitilun waje gida biyu. Ta bakin ƙofa da ta bayan gida su zauna a kan fotosel shi kaɗai, su kwana a kunne. Sauran kuma wutarsu ta bi ta fotosel sannan ta bi ta taima, ta yadda sai su biyun sun yarda za a samu haske: daga faɗuwar rana zuwa ƙarfe 11 na dare, sai kuma daga 4:30 saboda masu fita sallar Asuba. A tsakanin nan fitila mai gano motsi ta tsare lungunan gida. Ban yarda a bar tsakar gida cikin duhu don tattalin kati ba. Kuma fitilar da ta haska ba zato a tsakar dare ta fi jan hankalin mai gida da maƙwabta fiye da wadda ido ya saba da ita.

Inda katin naka yake tafiya

Fitilun da ke ci maka rai ba su ne suka fi cin kati ba. Ƙwan LED mai wat 10 in ya yi awa 12 a kunne, yunit 0.12 ya sha. Hita mai lita 30 da wat 1,500, in za ta ɗaga ruwan sanyin Jos daga digiri 15 zuwa 60, tana buƙatar kusan yunit 1.6 da ɗan fiye da awa ɗaya. Ke nan dafa ruwa sau ɗaya ya kai abin da ƙwai ɗaya zai sha a dare 13. In aka bar ta a kunne, ba wai tana jan wuta ba tsayawa ba ne, akwai abin da ke yanke ta in ruwan ya yi zafi. Amma zafin na zurarewa ta jikin tankin da bututu, sai ta sake tashi, kuma duk wanda ya buɗe famfon zafi don wanke hannu ya shigar da ruwan sanyi da za ta sake dafawa. A gari mai tudu irin Jos, da ya haura mita 1,200 sama da teku, wannan zurarewar ta fi yawa a Disamba da Janairu. Tun da NERC, hukumar da ke tsara harkar wutar lantarki a Najeriya, ta ɗaga kuɗin masu rukunin A, wato waɗanda ya kamata su fi kowa samun wuta, zuwa naira 225 a kan yunit a watan Afrilun 2024, mutane da yawa suka fara lura da wannan lissafin. Ko ba a rukunin nan kake ba, da hita ya kamata ka fara.

Hita ba ta dace da na'urar gano mutum ba sam, domin tana buƙatar awa guda kafin mai wanka ya iso. Aikin agogo ne. Amma kada ka ƙuntata mata lokaci. In ka ba ta daga 4:30 zuwa 5:30 kaɗai, ranar da ba wuta a wannan awar kowa da ruwan sanyi zai tashi, kuma ba za a daɗe ba wani a gidan zai sa a cire taimar. Ka buɗe mata daga ƙarfe biyu na dare zuwa shida, sai kuma awa biyu da yamma in yara na wanka kafin Magariba. Faɗin lokacin ba ya ƙara kashe kuɗi sosai, tunda in ruwan ya kai zafinsa ita ke yanke kanta, kuma ba mai buɗe famfo a tsakar dare. Kusa da banɗaki kuma a sa maɓalli irin wanda in an danna yake ba da wuta na awa ɗaya ya kashe kansa. A gidajen da wutarsu ba ta da tsayayyen lokaci, sau da yawa wannan maɓallin kaɗai nake sawa, domin ya kashe matsalar mantuwa ba tare da dogaro da agogo ba. Kada a rage zafin ƙasa da digiri 60 don tattali, ruwan ɗumi da ya daɗe a tanki wurin hayayyafar ƙwayoyin cuta ne.

Abu biyu ba na sassauci a kansu. Na farko, kada hita ta hau layin inbata. In batiranka biyu irin waɗanda aka rubuta 200Ah a jikinsu ne, duk abin da ke cikinsu bai kai yunit 5 ba, kuma batir na ruwa ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, don haka dafa ruwa sau ɗaya zai cinye kusan kashi biyu cikin uku na abin da kake da shi na daren. Na biyu, kada wutar hita ta bi kai tsaye ta cikin taima ko soket mai wayo, ko da an rubuta amfiya 16 a jikinsa. Hita mai wat 1,500 amfiya 6.5 take ja, a takarda ya wadatar, amma wurin ɗaure waya a waɗannan ƙananan kayan ba ya jure zafi na dogon lokaci, ballantana in kusar ta ɗan saki. Na sha cire irinsu sun narke. A sa kwantakta, wato babban makunni mai jure nauyin wuta: taima ta ba ta umarni, ita kuma ta ɗauki nauyin. Tunda maganar ruwa da wuta ce a banɗaki, a tabbatar hitar na da wayar ƙasa mai kyau, wadda ke kai wutar da ta zurara cikin ƙasa, da bireka mai yanke wuta in ta fara zurara, irin mai miliamfiya 30.

Na'urar da ke gane akwai mutum

Wadda ta fi yawa a kasuwa, mai farar ƙwarya a gaba, ba mutum take gani ba. Zafin jiki take ji yana giftawa daga wannan sashe na gabanta zuwa wancan. Shi ya sa ta fi kama wanda ya ratsa ta gefe fiye da wanda ya nufo ta kai tsaye, ba ta gani ta cikin gilashi, kuma in mutum ya zauna shiru sai ta ɗauka ya tafi. Wanda ya zauna karatun Alƙur'ani ko ya daɗe a zaman tahiya, ko yana banɗaki, fitila na iya mutuwa a kansa. Taimar da ke cikinta ce ke gyara wannan. Duk motsin da ta ji, ƙirgar lokaci na komawa farko, sai an yi tsawon lokacin da ka saita ba motsi sannan ta kashe.

A jikinta za ka ga wuraren murɗawa biyu ko uku: na tsawon lokaci, na yawan hasken da za ta fara aiki a kansa, da na nisan da take ji. Masu sakawa da yawa suna barinta yadda ta fito daga kwali, a kan 'yan daƙiƙoƙi, shi ya sa mutane ke tsanarta. A baranda da hanyar wucewa nakan ba ta minti ɗaya zuwa biyu, a banɗaki minti 10, a kicin minti 15. Gara a yi asarar 'yan mintoci na ƙwai mai wat 10 da a bar mai yanka albasa da wuƙa a hannu cikin duhu. Na hasken kuma a murɗa shi wajen alamar wata, don kada ta kunna da rana. A ɗaura ta a tsayin mita biyu zuwa biyu da rabi, kada ta kalli titi, ko bishiya, ko wurin kwanan kaji da awaki. Sanyin Jos na taimakonta, domin bambancin zafin jiki da na bango a fili yake. A Abuja cikin Maris da Afrilu, in bango ya ɗauki zafi, nisan jinta yakan ragu. Kuma in aka dawo da wuta za ka ga ta kunna fitila na ɗan lokaci ba kowa a wurin, tana daidaita kanta ne.

A gidanka, wurin da na fi son a sa ta shi ne hanyar Hajiya daga ɗakinta zuwa banɗaki. Tsoho ya tashi da dare yana laluben makunni a bango, nan ne ake samun faɗuwa, kuma karayar ƙugu a wannan shekarun ba ƙaramin abu ba ce. A sa fitila ƙarama mai laushin haske a ƙasa-ƙasa, a kan layin inbata, ta kunna da zarar ta sauko da ƙafa. Ko da wannan bai rage maka kobo a kati ba, ya cancanci kuɗinsa.

Akwai wata iri mai aiki da rada. Ta 5.8 gigahaz tana ratsa ƙofar katako da silin, har takan kunna saboda wanda ke wucewa a waje. Sabuwar ta 24 gigahaz kuwa tana jin har numfashin wanda ke zaune shiru, don haka ita ce ta dace da falo. Matsalarta fanka da labulen da iska ke kaɗawa, sai an zauna an daidaita ta da haƙuri. A ɗakin kwana ba na sa kowacce a kan babbar fitila, mai barci ya juya ta haske masa ido. In dole ne, a nan agogo ke shigowa: bayan ƙarfe 10 na dare, motsi ƙaramar fitila kaɗai zai tayar.

Maganar abokinka na Abuja

Gaskiya ya faɗa, tsarin yana nan. Ko dai manhajar ta zana da'ira kewaye da gidanka a taswira ta lura da shigarka da fitarka, ko ta duba ko wayarka na jone da rautar gida, wato na'urar da ke ba da Wi-Fi. Ga wanda ke zaune shi kaɗai a Gwarinpa, ko shi da matarsa kowa da babbar waya, yana aiki. Gidanka kuwa ba ya zama ba kowa don kai ka fita. Akwai Hajiya, akwai uwargida, akwai yara da suka dawo daga Islamiyya, akwai baƙon da ya sauka. In aka ce "mai gida ya fita, kashe komai", a kan mahaifiyarka za a kashe fanka. In aka ce sai na ƙarshe ya fita, dole kowa ya riƙe wayar da ke cikin tsarin, kuma ka ga wannan ba mai yiwuwa ba ne. Ga shi waya takan saki Wi-Fi in ta daɗe a ajiye, ko tsarin tattalin batir ya rufe manhajar, ko data ta ƙare, sai gidan ya ɗauka ka fita alhali kana kwance a ɗaki. Sannan duk wanda aka sa wayarsa a ciki, ana rubuta shigarsa da fitarsa, sau da yawa a kwamfutocin kamfani a wata ƙasa. Wannan abu ne da za a yi shawara da iyali a kansa, kada su wayi gari su tarar an saka.

In kana sha'awarsa, ka ba shi aikin da ko ya kuskure ba wanda zai cutu, kamar ya haska bakin ƙofa in ka kusa gida bayan Magariba, ko ya aiko maka saƙo cewa hita ta haura awa biyu a kunne. Kada ka ba shi ikon kashe wa mutane abu, kada kuma ka ba shi buɗe ƙofa.

Makunnai da soket masu wayo irin na Sonoff, Tuya, Shelly da Tapo suna da amfani, musamman da yake manhajarsu na lissafa fitowar rana da faɗuwarta da kanta. Amma ka san halinsu. Yawancinsu da Wi-Fi na 2.4 gigahaz kaɗai suke aiki, kuma daga intanet suke karɓar lokaci, don haka in wuta ta dawo rauta ba ta tashi ba, wasu ba su san ƙarfe nawa ba. Rauta dole ta zauna a kan inbata. Da yawa cikin makunnan bango suna buƙatar wayar nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta, gidajenmu kuwa galibi wayar laif mai kawo wuta kaɗai ake kaiwa akwatin makunni, waɗanda ba sa buƙatar nutural ɗin kuma sukan sa ƙwan LED ƙyaftawa. Kowane ɗaya yana shan wajen wat ɗaya dare da rana, don haka sa shi a kan ƙwai mai wat 5 ba tattali ba ne. Mafi muhimmanci, a cikin saitinsu akwai wurin zaɓar abin da za su yi in wuta ta dawo: kunne, kashe, ko yadda suke a da. Duk abin da ke zafi a sa shi a kashe. Dutsen guga ko abin dafa ruwa da aka manta a jone lokacin da aka ɗauke wuta ya sha jawo gobara bayan an fita ko an yi barci. Ana iya samun wannan kariyar ko ba intanet: a haɗa kwantakta da maɓalli a soket ɗin guga da na kicin, ta yadda in wuta ta yanke sai ta saki, kuma ba za ta kama ba sai mutum ya zo ya danna. Firji kada a sa shi a taima, abin da yake so shi ne na'urar da ke jinkirta masa wuta minti uku zuwa biyar bayan an dawo da ita. Injin tura ruwa zuwa tanki kuma fulot, makunnin nan da ke iyo a cikin tanki, ya fi masa agogo, ya tsaya in tanki ya cika.

Wanda ke son haɗa duka ƙa'idojin nan wuri guda ba tare da dogaro da intanet ba, akwai manhajar Home Assistant, kyauta ce, an fara ta a 2013, tana zama a ƙaramar kwamfuta a cikin gida tana magana da na'urori ta Wi-Fi ko Zigbee, wata hanyar sadarwa ba tare da jan waya ba. Tana iya cewa: in bayan faɗuwar rana ne, kuma an ji motsi, kuma wutar gari ce ba inbata ba, kunna kaza na minti kaza. Sai dai tana son mai kula da ita. In kai kaɗai ka iya ta kuma kana yawan tafiya, ban ba ka shawara ba. Duk abin da aka saka, makunnin bango ya ci gaba da aiki yadda Hajiya ta san shi, kada a wayi gari sai an kira ka a waya kafin a kunna fitilar falo.

Iyakar abin da zan iya daga nan ke nan, domin ragowar ya danganta da yadda aka ja wayoyin gidanka. Ka samu mai gyaran wuta da ya san aikinsa ya buɗe akwatin rarraba wuta, ya rubuta a jikin kowace bireka abin da take ɗauke da shi, ya nuna maka waɗanda ke kan inbata da waɗanda ba sa kai. In ya gama saka taimar hita da fotosel da fitilar hanyar Hajiya, kada ka sallame shi sai kun yi gwaji: a kashe babbar bireka minti biyar a dawo da ita, a juya canjoba zuwa janareta in akwai, a dawo. A kowane juyi ka duba agogon taima ko yana nan daidai, ka duba hita ko ta tashi ba a lokacinta ba. Bayan hita ta yi rabin awa tana aiki, ya kashe wuta ya taɓa wuraren ɗaurin waya a kwantakta, in akwai mai zafi ya ƙara ɗaure kusar, sannan ya dawo bayan mako biyu ya sake dubawa, domin wayar tagulla takan ɗan saki bayan ta sha zafi da sanyi.